Daga Koke Zuwa Kwashewa: Nazarin Hanyoyin Kai Rahoton Haramtacciyar Bola a Birnin Kano

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda bola ke tsirowa a wuraren da ba a keɓe don zuba shara ba a cikin birnin Kano, da abin da ke samun koken mazauna unguwa idan suka nemi a kwashe ta. An tattaro bayanai daga dokokin Nijeriya da suka shafi muhalli, da ayyukan masana a kan sharar Kano, da kuma lura da yadda shara ke fita daga gida har ta isa juji. An ɗora nazarin a kan binciken da aka yi game da tasirin ƙazantar wuri a kan ɗabi'ar mutane, da alaƙar da ke tsakanin amsa koke da sake kawo shi. An gano cewa haramtacciyar bola ta fi tasowa a inda babu halattaccen mazubi a kusa, kuma wanda ke fitar da sharar galibi ɗan aike ne. Koke kuwa yana mutuwa saboda ba shi da sananniyar ƙofa, ba a rubuta shi, ba a yanka masa wa'adi. Maƙalar ta ba da shawarar a mayar da mai unguwa da jami'in duba-gari matakin farko na karɓar rahoto.

1.0 Gabatarwa

Rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun samar da shara tan miliyan 174 a shekarar 2016, kimanin kilo 0.46 ke nan ga kowane mutum a kullum. Kashi 44 cikin ɗari ne kawai ake kwashewa, kuma kashi 69 cikin ɗari na sharar yankin a fili ake jibge ta. Rahoton ya yi hasashen cewa kafin 2050 adadin zai kusa ninkawa sau uku. Kano na daga cikin biranen da wannan lissafi ya fi shafa. Ƙidayar 2006 ta ba jihar mutane sama da miliyan 9.4, kimanin miliyan 2.8 daga cikinsu suna zaune a ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni: Birni da Kewaye, Dala, Fagge, Gwale, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Binciken da Aliyu Baba Nabegu ya wallafa a 2010 ya ƙiyasta sharar birnin da sama da tan 3,000 a rana, kuma tun daga lokacin garin ƙara faɗi yake yi ta kowace kusurwa.

Sharar da ba a kwashe ba ba ta ɓacewa. Tana tafiya kango, ko kududdufi, ko gindin badala, ko bakin maƙabarta, ko kwata. A watan Agustan 2022 ruwa ya mamaye kasuwar Kantin Kwari ya lalata atamfofi da yadudduka na maƙudan kuɗi, aka ɗora alhakin abin a kan toshewar magudanan ruwa da gine-ginen da aka yi a kansu. Wannan asara ta shiga kafafen labarai saboda girman kasuwar. Gidan ƙasar da ruwan kwata ya ci gindinsa a lungun Kurna ko Rijiyar Lemo ba ya samun irin wannan gata.

An yi rubuce-rubuce da dama a kan yawan sharar Kano da abubuwan da ta ƙunsa. Wannan maƙala ta karkata ne ga wani ɓangare daban: idan magidanci ya wayi gari ya ga bola na tasowa a bayan katangarsa, wa zai gaya wa, kuma me zai biyo baya? Matsayin maƙalar shi ne, rahoton jama'a ba zai yi amfani ba sai an haɗa shi da abu biyu, wato wurin zuba shara da yaro zai iya kaiwa da ƙafa, da amsar da mai koke zai gani da idonsa.

2.0 Hanyar Bincike da Ra'in da Aka Ɗora Shi a Kai

An bi hanyar nazarin takardu. An duba kundin tsarin mulkin 1999 da dokokin muhalli na tarayya da tsarin hukumomin jihar Kano, aka gwama su da ayyukan masana. Sai kuma lura ta ido da yadda ake fitar da shara a unguwannin cikin badala da na wajenta. Ba a raba takardun tambayoyi ba, don haka alƙaluman da suka zo a nan na waɗanda aka ambata ne.

Ginshiƙin farko na ra'in ya fito daga ilimin halayyar ɗan'adam. A 1990 Robert Cialdini da abokan aikinsa sun gwada mutane a wata ma'ajiyar motoci a Amurka, inda suka maƙala musu takardar talla a gilashin mota. Idan wurin a share yake, kaɗan ne ke yar da takardar a ƙasa; idan an riga an warwatsa shara, masu yarwa sai su ƙaru. A 2008 Kees Keizer da abokansa sun yi makamancin gwajin a birnin Groningen na ƙasar Holan. Da bangon lungu yake a tsaftace, kashi 33 cikin ɗari ne suka yar da takardar da aka rataya a kekunansu, da aka ɓata bangon da zane-zane kuwa sai adadin ya kai kashi 69. Abin da wannan ke nunawa shi ne, bahon shara na farko da ya kwana a kango ya fi dukkan na bayansa haɗari, domin shi ne ke ba na biyu izini.

Ginshiƙi na biyu ya shafi koke. A Birtaniya akwai shafin intanet mai suna FixMyStreet, wanda aka buɗe a 2007, inda mutane ke sanar da hukumar gari ramin titi ko tarin shara. Fredrik Sjoberg da Jonathan Mellon da Tiago Peixoto sun bi diddigin rahotannin shafin, suka gano cewa wanda aka biya wa buƙata a kokensa na farko, yiwuwar ya sake kawo wani na ƙaruwa da fiye da rabi. Ba a kawo misalin don a kwaikwayi na'urar ba. Ƙa'idar da ke ƙarƙashinsa ce abin ɗauka, kuma Bakano ya san ta tun kafin zuwan intanet: ƙofar da aka buga ba a amsa ba, ba a cika komawa gare ta ba.

3.0 Lokacin da Shara Ke da Mai Saye

Ba a fahimtar bolar Kano ta yau sai an waiwayi ta jiya. Sharar gidan Bahaushe a da toka ce, da kashin awaki da tumaki, da ƙaiƙayi, da ganye, da turɓayar tsakar gida. Duk waɗannan taki ne. Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano tun shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke shigowa birni da itace su koma da mangalar taki, kuma da wannan taki ne manoman yankin ke noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da sun bar ta ta huta ba. A 1995 C. P. Lewcock ya ruwaito cewa manoman gefen birni na biyan direbobin tifa kuɗi domin a juye musu sharar gari a gonakinsu. Juji a wancan zamani dukiya ce mai jiran rani, kuma akwai mai zuwa ya kwashe ba tare da an kai ƙara ko'ina ba.

Leda ce ta karya wannan ciniki. Tun daga shekarun 1990 ruwan leda ya zama abin shan kowa, baƙar leda ta maye gurbin ganye da takarda da ƙwarya a wajen mai ƙosai da mai kayan miya, daga baya kuma gorunan roba da ƙunzugun yara na zamani suka biyo. Manomin da ya sayi tifar shara a yau sai ya tsince leda da fasassun kwalabe da allurai kafin ya baza, abin da ya rage kuma iska ta watsa shi cikin gona. Mahauta a Kano sun saba ciro dunƙulen leda daga tumbin akuya ko saniya. 'Yan jari-bola na tsince ƙarfe da gwangwani da dalma da roba mai kauri su kai wa dillalai, amma siririyar leda ba ta da nauyin da zai biya wahalar tsintarta, sai a bar ta a nan.

Ɗaya ƙafar tsohon tsarin ita ce duba-gari. Turawan mulkin mallaka sun kafa dokar lafiyar jama'a a 1917, aka buɗe Makarantar Koyon Tsafta ta Kano a 1932 domin horar da ma'aikata. Duba-gari na shiga gida ya leƙa randa, ya duba masai da makwararar ruwa, wanda aka samu da ƙazanta a kai shi gaban alƙali a ci shi tara. Dattawa na yawan tuna wannan zamani da sha'awa, amma bai kamata a manta cewa lafiyar Turawan da ke zaune a Nasarawa ce ta fi damun masu tsarin ba, kuma tsoro ne ke tafiyar da shi. Abin da ya cancanci a ɗauka daga cikinsa guda ɗaya ne: kowace unguwa ta san fuskar ma'aikacinta, shi kuma tare da mai unguwa yake shiga lungu. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da ikon gudanarwa, mai unguwa ya rage da mutunci ba tare da hurumi ba.

A 1985, cikin shirin yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin Janar Muhammadu Buhari, aka ƙaddamar da gangamin tsaftar muhalli, wanda daga gare shi aka gaji sharar Asabar ɗin ƙarshen wata. Har yau Kano na yin ta, ana taƙaita zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, kotun tafi-da-gidanka na cin masu saɓawa tara. A Legas, Babbar Kotun Tarayya ta yanke hukunci a 2015 cewa hana zirga-zirgar ba shi da madogara a doka, jihar kuma ta soke tsarin a 2016.

4.0 Doka da Hukumomi

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Sashe na 20 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati kare muhalli da inganta shi, Jadawali na Huɗu kuma ya lissafa kwashe shara cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Bayan da aka gano gubar masana'antu da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko a 1988, gwamnatin tarayya ta kafa dokar hukunta masu zubar da shara mai guba, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta ƙasa a wannan shekara. A 2007 aka kafa hukumar tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, wato NESREA, wadda ƙa'idojinta na 2009 kan tsafta da sarrafa shara suka haramta zubar da shara a titi da magudanar ruwa da filin jama'a. A 2020 aka amince da manufofin ƙasa guda biyu, ɗaya kan shara gaba ɗaya, ɗaya kan roba da leda.

A matakin jiha, bayan zamanin hukumar tsara birane da kare muhalli ta jihar, wato KASEPPA, an kafa Hukumar Kwashe Shara da Tsaftar Muhalli, wato REMASAB, a 2003. A 2021 gwamnatin jihar ta miƙa aikin ga wani kamfani mai zaman kansa, a 2022 ta soke yarjejeniyar, gwamnatin da ta hau mulki a 2023 kuma ta sake ɗora nauyin a kan hukumar. Cikin shekara uku an sauya hannu sau biyu. Ga ma'aikacin gwamnati wannan sauyin manufa ne, amma ga mai koke ma'anarsa ita ce ofishin da ya sani bara ba shi ne na bana ba.

A nan ne aka samu giɓi. Kundin tsarin mulki ya ce aikin na ƙaramar hukuma ne, motoci da katafila suna hannun hukumar jiha, jami'an duba-gari na sashen lafiya, manyan magudanan ruwa na ƙarƙashin wata ma'aikata, filin da bolar ta hau kuma na wani mutum ne da ya saya ya ajiye. Kowane ɓangare na da hujjar da zai ce ba huruminsa ba ne, kuma kowannensu na da ɗan gaskiya.

5.0 Yadda Haramtacciyar Bola Ke Tasowa

Tsare-tsaren wayar da kai na yi wa magidanci magana, alhali ba shi ke fitar da shara ba. A mafi yawan gidajen cikin gari mace ce ke share gida ta tara shara a tsohon baho ko buhun siminti a bayan ƙofa, kuma ba ita za ta fita da ita ba. Yaron gida ne zai ɗauka, ko almajirin da ke yi wa gidan aike a ba shi ɗan kuɗi ko ragowar abinci. Yaro ɗan shekara tara ko goma, baho a ka, ruwan ruɓaɓɓen tumatir na ɗiga masa a wuya, bayan Magariba. Idan mazubin hukuma na bakin babban titi ne, sai ya ratsa lunguna ya tsallaka kwalta tsakanin 'yan adaidaita-sahu kafin ya kai. A kan hanyarsa kuwa akwai kangon da aka kewaye da bulo layi uku aka bari. Nan zai juye, domin kuɗin aikensa ɗaya ne ko ya yi nisa ko bai yi ba. Uwar gida ba ta san inda ya kai ba, maigida kuma ya ga gida fes.

Washegari mai kangon ko maƙwabcinsa zai sa a rubuta da gawayi ko fenti cewa an hana zuba shara a nan, wani ya ƙara da barazanar 'yan sanda, wani ya ƙara da Allah ya isa. Duk wanda ya zaga Kano ya ga irin wannan rubutu, ya kuma ga tarin shara a ƙarƙashinsa. Mai ɗauke da bahon sau da yawa bai iya karanta boko ba, ko ya iya ma rubutun bai nuna masa inda zai kai ba. Bayan mako biyu mai baron da ke karɓar kuɗi gida-gida ya gano wurin, daga nan sai mai kaji ya kawo fuka-fukai, mai gini ya kawo ɓaraguzai. Abin da shebur ɗaya zai kwashe a ranar farko ya koma aikin katafila da tifa.

Kududdufai na da nasu labari. Daga cikinsu aka haƙi ƙasar da aka gina birnin, su ne kuma ke shanye ruwan sama idan damina ta yi ƙarfi. Cike su da shara ba koyaushe ne sakaci ba. Akwai inda da gangan ake gayyatar masu zubarwa domin rami ya cike a sami fili, daga baya a yanka shi fuloti. Ruwan da ke zama a nan sai ya nemi wata hanya, hanyar kuwa gidajen mutane ce. Manyan jujin da hukuma ke kai shara, irin na Maimalari da na kusa da Sansanin Alhazai, su ma tsofaffin ramuka ne da gari ya riga ya kewaye.

Sai kwata. Idan hadari ya haɗo, akwai gidajen da ke fito da shara su juye a lambatu domin ruwa ya tafi da ita. Ruwan na tafiya da ita har kwalbati na farko, inda leda da gorunan roba ke cushewa. Wadda ta wuce ta faɗa Jakara, ta bi ta wuraren da ake noman rani na latas da kabeji da alayyafo, ta nufi madatsar ruwan Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir. Kwatar da ta toshe matattarar sauro ce, idan kuma ta haɗu da fasasshen bututun famfo ko rijiya marar murfi, amai da gudawa da taifot ne ke biyo baya.

Ƙungiyoyin taimakon kai da kai na unguwanni na fita aikin gayya su yashe kwata, kuma sun cancanci yabo. Sai dai abin baƙin ciki, baƙin taɓon da suka fitar yakan zauna a gefen titi kwana da kwanaki yana jiran mota. Awaki su tone, tayoyi su baje, ruwan farko ya mayar da shi inda aka ciro shi. Matasan da suka ga guminsu ya tafi haka sau biyu ba su cika fitowa a karo na uku ba, kuma babu adalci a kira su malalata.

6.0 Ƙofofin Koke da Inda Suke Toshewa

Ƙofar da Bakano ya fi sani ita ce ta mai unguwa. Shi ne ya san mai kango, ya san gidajen da sharar ke fitowa, yana iya tara dattawa bayan sallar Asuba a yi magana. Idan matsalar ta mutum biyu ce ko uku, yakan kashe ta a zaurensa. Idan ta kai ga buƙatar mota, sai ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya rubuta wa ƙaramar hukuma, ita kuma ta nemi alfarmar hukumar jiha. A kowane mataki maganar na rage zafi, kuma babu takardar da mai koke zai riƙe ya ce ga ranar da na kawo.

Ƙofa ta biyu ita ce rediyo. Tun da aka buɗe Freedom Radio a 2003, shirye-shirye irin su Inda Ranka suka zama dandalin da unguwanni ke kai kukansu, sauran tashoshi ma suka bi sahu. Yanzu an ƙara da Facebook da WhatsApp, inda hoton bola ke yawo har ya kai ga wani babba. Wannan hanya na aiki, kuma aikinta ne ke nuna raunin tsarin. Bolar da aka ambata a rediyo ana iya kwashe ta cikin kwana biyu, wadda ta fi ta girma a lungun da babu mai kiran waya ta shekara. Motar da aka tura can kuma daga wani wuri aka janye ta. Rabon hidima ya koma hannun mai baki da mai hanya, unguwar da ke da babban ma'aikaci ko ɗan siyasa ta fi unguwar 'yan ƙwadago samun tifa.

Akwai kuma abin da ke hana koken fitowa tun daga tushe, wato haƙƙin maƙwabtaka. Wanda ke zuba shara a bayan gidanka shi ne wanda za ku haɗa sahu a masallaci, matarsa ce za ta zauna da taka ranar suna, shi zai ɗauki makara idan an yi maka rasuwa. Kai sunansa gaban hukuma abu ne mai nauyi, kuma wanda ya yi haka yakan sha sunan mai kai ƙara har 'ya'yansa su gada. Duk tsarin da ya ce wa Bahaushe ya kawo sunan mai laifi ko hotonsa zai sami rahoto kaɗan, kaɗan ɗin ma wasu na tsohuwar gaba ne. A ra'ayin mai wannan bincike, rahoton da zai karɓu a Kano shi ne na wuri: ga bola a lungu kaza, ta kai girma kaza, ta toshe kwata kaza. Neman mai laifi aikin jami'i ne, kuma a mafi yawan lokuta ba a ma buƙatarsa idan an samar da mazubi.

Mata su ne suka fi kowa sanin sharar gida, su ke jinyar yaran da ta sa wa ciwo, amma duk ƙofofin nan a bakin maza suke. Zauren mai unguwa na maza ne, ofis na maza ne. Makarantun Islamiyya na matan aure da asibitocin sha-ka-tafi, inda mata ke taruwa kullum, ba a ɗauke su wuraren karɓar koke ba.

Game da tara, ba a musun amfaninta a kan mai tifar da ya juye ɓaraguzai a filin makaranta da dare, ko masana'antar da ke zubar da dattinta a bayan gari, ko mai cike kududdufi domin ya sayar. Waɗannan sun san abin da suke yi kuma riba suke nema, hukuncinsu ya kamata ya yi tsanani. Amma cin tarar gidan da ba a ba shi wurin zubarwa ba, abin da yake haifarwa shi ne a daina fitar da shara da rana a koma fitar da ita da tsakar dare. Malamai na tunatarwa a kan mumbari cewa kawar da abin cutarwa daga hanya ibada ce, jama'a kuma sun yarda. Wanda ya kawar da shi daga hanya yana buƙatar inda zai ajiye.

7.0 Abin da Ya Kamata a Yi

Matakin farko shi ne a ba kowane mai unguwa littafin rajistar koke, a haɗa shi da jami'in duba-gari guda ɗaya da aka san sunansa da lambar wayarsa a mazaɓar. Duk koken da ya shigo a rubuta rana da wuri, a ba mai shi lamba, ba tare da an tambaye shi sunan kowa ba. A buɗe irin wannan littafi a asibitin unguwa domin mata. Jami'in ya riƙa tura abin da ya taru ga REMASAB ta waya kowane mako, hukumar kuma ta yanka wa kanta wa'adi: ƙaramar bola kwana kaza, wadda ke buƙatar katafila kwana kaza. A ƙarshen wata a karanta a rediyo yawan koken da kowace ƙaramar hukuma ta karɓa da yawan wanda ta kwashe. Wannan ba ya buƙatar sabuwar doka ko manhaja mai tsada.

Littafin zai yi wani aiki da ya fi kwashewa muhimmanci. Wurin da sunansa ya yi ta maimaituwa yana nuna inda ake buƙatar mazubi ne, domin ƙafafun yara sun riga sun zaɓe shi. Ko dai a ajiye kwandon hukuma a nan, ko a kusa da shi. A lungunan cikin badala da mota ba ta shiga, a yi wa masu baro da masu kura rajista, a ba su iyakar lungunansu da wurin juyewa, a kama wanda ya kai wani wuri. Mai kango kuma a ba shi wa'adin katange shi. Ranar da unguwa za ta yi gayyar yashe kwata a sanar da hukuma tun da mako guda, kada a ɗaga shebur sai mota ta tsaya.

Leda sai an tare ta daga sama. Ruwanda ta haramta ta a 2008, Kenya a 2017, Jamhuriyar Nijar ta kafa irin wannan doka a 2014 amma leda ba ta bar kasuwannin Maraɗi da Damagaram ba, abin da ke nuna cewa haramci ba tare da madadi ba a takarda yake tsayawa. Ga Kano, wadda ke da masana'antun roba a Sharaɗa da Bompai da Challawa, hanyar da ta fi kusa ita ce a ɗora wa masu yin ruwan leda nauyin sayen ledarsu daga hannun masu tsinta, domin abin da ke da farashi ba ya kwana a kwata.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Kwashe shara aikinsu ne a kundin tsarin mulkin 1999. Ana kira ga shugabannin ƙananan hukumomi takwas na birnin Kano da kowannensu ya zaɓi mazaɓa ɗaya, ya buɗe littafin koke a zauren masu unguwanninta, ya ware mata mota, kafin ruwan watan Yuni ya sauka.